BAƘO DA MASAUKI: RA'AYIN MUTANEN KANADA GAME DA BAƘI, GIDAJE DA ZAƁEN AMURKA

Wannan shi ne jawabin da babban baƙo mai jawabi ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, saboda 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.

 

 

Ranar da sakataren ƙungiya ya same ni a gida ya ce in zo in yi magana a kan Kanada, dariya na yi. Na ce da shi, to ina ruwan mutumin Sabo da ƙasar da ƙanƙara ke toshe wa mutane ƙofa? Sai ya ce, "Baba, ka ƙirga gidajen layinku, ka gaya mini nawa ne ba su da yaro a can, ko wanda yake cike takardun tafiya." Na ƙirga, na yi shiru. Ni kaina ɗana na biyu yana can, kuma na je na zauna a wurinsa a jihar Ontariyo daga watan Satumba zuwa Nuwamba na 1924... afuwan, na 2024, kun ga tsufa ke nan. A cikin waɗannan watanni ne gwamnatin Kanada ta rage yawan baƙin da take karɓa, a cikinsu ne kuma aka yi zaɓen Amurka. Saboda haka wani abin da zan faɗa gani ne, wani kuwa abin da hukumominsu suka bayyana ne a fili.

Abubuwa uku zan taɓa: abin da mutanen Kanada ke faɗa game da baƙi, abin da suke faɗa game da gidaje, da abin da suke faɗa game da zaɓen maƙwabciyarsu Amurka. Za ku ga dukkansu a igiya ɗaya suke.

ƘASAR DA TA SABA DA BAƘO

Da farko bari mu san ƙasar. Kanada ita ce ta biyu a faɗin ƙasa a duk duniya, bayan Rasha. Ta ninka Nijeriya fiye da sau goma, amma mutanenta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Nijeriya ba. Sai a watan Yuni na 2023 suka cika miliyan 40. Kuma saboda tsananin sanyin arewacinta, mafi yawansu a kudu suke cunkushe, kusa da iyakar Amurka, a birane kamar Toranto da Mantiriyal da Bankuba.

In ka cire 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa suka tarar, kowa a Kanada baƙo ne ko jikan baƙo. A ƙidayar 2021 an samu kashi 23 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, wato mutum miliyan 8 da 'yan kai, baƙi ne da suka zo daga wata ƙasa. Tun 1967 suka fito da tsarin maki, wato ana duba shekarunka da iliminka da sana'arka da iya Ingilishi ko Faransanci, a ba ka maki, ba ruwansu da launin fatarka. A 1971 Firayim Minista Pierre Trudeau, mahaifin Justin Trudeau, ya ayyana manufar cewa kowace al'umma ta riƙe al'adarta kuma ta zama 'yar ƙasa. Dalilinsu kuwa a fili yake: haihuwa ta yi ƙaranci, tsofaffi sun yi yawa, ana bukatar masu jini a jika da za su yi aiki su biya haraji.

Shi ya sa shekara da shekaru, a lokacin da ake ta hayaniya a kan baƙi a Turai da Amurka, mutumin Kanada alfahari yake yi da su. 'Yan Nijeriya kuwa ba a bar mu a baya ba. A 2022 kaɗai, kimanin 'yan Nijeriya 22,000 suka sami takardar zama ta dindindin, muna cikin ƙasashe biyar na sahun gaba tare da Indiya da Sin da Afganistan da Filifin.

YADDA RA'AYI YA JUYA

To, akwai wata cibiya a Toranto mai suna Environics wadda ta yi shekaru da dama tana yi wa mutanen Kanada tambaya guda: shin kun yarda baƙin da ake karɓa sun yi yawa? A 2022 kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka ce e. A 2023 sai suka zama kashi 44. A 2024 suka kai kashi 58. Ku duba fa, cikin shekara biyu rak adadin ya fi ninki. Rabon da a ga masu wannan ra'ayi sun yi rinjaye haka tun wajen ƙarshen shekarun 1990.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Me ya faru? Bayan annobar korona, masu masana'antu da gidajen abinci da asibitoci suka yi ta kukan rashin ma'aikata. Sai gwamnatin Justin Trudeau ta buɗe ƙofa. A Nuwamba 2022 ta ce za ta karɓi mutum 465,000 a 2023, da 485,000 a 2024, da 500,000 a 2025. Waɗannan masu zaman dindindin ke nan. Amma akwai ƙofar baya wadda ba a sa mata iyaka ba, wato ta masu zaman wucin gadi: ɗalibai, da ma'aikatan ƙwadago, da masu neman mafaka. A ƙarshen 2023 ɗaliban waje sun haura miliyan ɗaya. A 2024 masu zaman wucin gadi gaba ɗaya sun kai wajen miliyan 3, kimanin kashi 7 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. A shekarar 2023 kaɗai, jama'ar Kanada ta ƙaru da mutum fiye da miliyan 1 da dubu 200, wato kashi 3.2 cikin ɗari, irin ƙaruwar da ba a gani ba tun 1957, kuma kusan dukkanta daga baƙi ne.

Amma ga inda nake so ku buɗe kunne. Da aka tambayi waɗanda suka ce baƙi sun yi yawa dalilinsu, abin da ya fi fitowa daga bakinsu shi ne gida: tsadarsa da ƙarancinsa. Bayansa sai tsadar rayuwa da matsi a kan asibitoci da sauran ayyukan gwamnati. Kuma a wannan bincike na 2024, kimanin kashi biyu cikin uku sun ci gaba da cewa baƙi suna amfanar da tattalin arzikin ƙasa. Kai, cikin masu ƙorafin har da waɗanda su kansu baƙi ne. Wani direban tasi da ya ɗauke ni, wanda ya ce shekararsa ashirin da zuwa daga Fakistan, shi ya fi kowa zafi. Ya ce da ni, "Alhaji, 'ya'yana a nan aka haife su, sun gama jami'a, amma har yanzu a gidana suke kwana."

Ba zan ce muku babu masu ƙin baƙo don ƙiyayya ba. Akwai su. A Janairu 2017 an harbe mutum shida a masallaci a birnin Kibek. A Yuni 2021 wani ya bi iyalan Musulmi da mota a garin Landan na Ontariyo, ya kashe mutum huɗu. Kuma tun 2019 jihar Kibek ta kafa dokar da ta hana wasu ma'aikatan gwamnati, har da malaman makaranta, sa alamar addini a bakin aiki, abin da ya fi shafar mata masu hijabi. Wannan duk gaskiya ne. Amma abin da ya juya ra'ayin talaka a 2023 da 2024 kuɗin haya ne.

MAGANAR GIDA

Mu a nan Sabo ba sai an koya mana darajar masauki ba. Tun 1916 da aka kafa wannan unguwa, da me iyayenmu suka yi suna? Da saukar baƙi. Mai goro ko mai shanu ya taso daga arewa, maigida ya ba shi ɗaki, ya ba shi abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa a ciniki. Kuma kowane maigida ya san ƙa'ida: kafin ka aika a zo, sai ka ƙirga ɗakuna da tabarmi. To, wannan ƙidayar ce Kanada ba ta yi ba.

Ku saurari lissafin. A shekarar da mutane suka ƙaru da fiye da miliyan ɗaya, wato 2023, gidajen da aka fara ginawa a duk ƙasar kimanin 240,000 ne. Hukumar gidaje ta ƙasar ta bayyana tun 2022 cewa sai an ƙara gidaje miliyan 3 da rabi a kan waɗanda ake sa ran ginawa kafin 2030, sannan gida zai dawo daidai ƙarfin talaka. A Fabrairu 2022 matsakaicin kuɗin gida a Kanada ya haura dalar Kanada 800,000, a Toranto da Bankuba kuwa ya wuce miliyan ɗaya. A 2023, cikin kowane ɗakin haya ɗari, ɗaya da rabi ne kawai ba kowa ciki. A Toranto a wannan shekarar, ciki da falo ana neman wajen dala 2,500 a wata. A wata fa, ba a shekara ba.

Sannan ga kuɗin ruwa. Can kusan kowa da bashin banki yake sayen gida, kuma galibi duk bayan shekara biyar ake sabunta yarjejeniyar. Babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.25 a farkon 2022 zuwa kashi 5 a Yuli 2023 don maganin hauhawar farashi. Mai gida ya ga abin da yake biya duk wata ya yi tsalle, shi kuma sai ya sauke a kan ɗan haya.

Ni na ga inda yaranmu ke kwana. Gidajensu suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mai 'yar taga kamar ta kurkuku, a nan ake jera katifu. Magajin garin Brampton, kusa da Toranto, ya faɗa a 2024 cewa an tarar da ɗalibai 25 a irin wannan ɗaki na gida guda. A Yuli 2023 masu neman mafaka, yawancinsu 'yan Afirka, sun yi makonni suna kwana a bakin titi a tsakiyar Toranto, sai coci-cocin baƙar fata suka kwashe su. A Nuwamba na wannan shekara wani ɗan Nijeriya ya rasu a cikin tanti a ƙofar gidan marasa galihu a Mississauga. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Irin wannan hoton ba ya cikin waɗanda ake aiko mana a waya.

LAIFIN WA?

Yanzu tambaya: baƙi ne suka jawo tsadar gida? A nan mutanen Kanada suka rabu, kuma kowane ɓangare da abin kamawarsa.

Masu cewa e suna cewa lissafi ne: mutane sun ƙaru, ɗakuna ba su ƙaru ba, dole haya ta tashi. Kuma ba a musa musu. Masu cewa a'a kuwa suna cewa ciwon ya girmi zuwan waɗannan baƙi. Suna tunatarwa cewa tun 1993 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga gina sababbin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Suna nuna dokokin ƙananan hukumomi, waɗanda shekara da shekaru suka hana a gina komai a yawancin unguwanni in ban da gida guda na iyali guda. Sai a 2023 Toranto ta yarda a yi gida mai sassa huɗu a fili ɗaya. Suna nuna masu kuɗi da suka mai da gidaje haja. Suna kuma nuna makarantu. Jihar Ontariyo ta rage kuɗin makarantar 'yan ƙasa da kashi 10 a 2019 ta kuma hana ƙari, sai kwalejoji suka koma cike giɓin da ɗaliban waje, waɗanda ke biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, ba tare da an gina musu wurin kwana ba.

In kun tambaye ni, duka biyun gaskiya ne. Amma ku lura da wanda ya sha duka. Gwamnati ce ta ba da biza, makaranta ce ta karɓi kuɗi, ƙaramar hukuma ce ta hana gini, amma fuskar da talaka ke gani a layin neman ɗaki ta ɗalibin Indiya ce ko na Nijeriya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Da gwamnati ta ji zafi sai ta fara ja da baya. Tun 1 ga Janairu 2023 ta hana 'yan ƙasar waje sayen gidaje, in ban da wasu da aka keɓe. A Janairu 2024 ministan shige da fice, Marc Miller, ya sa wa bizar ɗalibai iyaka, aka rage ta da kimanin kashi 35. Kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna yana da shi, ban da kuɗin makaranta, aka ɗaga daga dala 10,000 zuwa 20,635, a Satumba 2025 kuma ya koma 22,895. A Oktoba 2024, ina can, Trudeau ya fito ya amsa cewa ba su daidaita ma'aunin ba, ya soke maganar 500,000, ya ce 395,000 za a karɓa a 2025.

MAƘWABTAKA DA GIWA

Mu koma kan Amurka. A 1969 Pierre Trudeau ya gaya wa Amurkawa a birnin Washintan cewa maƙwabtaka da su kamar kwana ne kusa da giwa: komai lafiyarta, in ta motsa sai ka ji a jikinka. Iyakar da ke tsakaninsu ta kusa kilomita 9,000, babu mai tsawonta a duniya, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na kayan da Kanada ke sayarwa waje Amurka suke tafiya. Shi ya sa mutumin Kanada ke bin zaɓen Amurka kamar nasa, alhali ba shi da ƙuri'a ko ɗaya.

Kuma zaɓen Amurka yana taɓa maganar baƙi kai tsaye. A daren da Donald Trump ya ci zaɓen farko a Nuwamba 2016, shafin intanet na hukumar shige da fice ta Kanada tsayawa ya yi saboda cunkoso. Daga 2017 dubban mutane suka riƙa tsallakawa da ƙafa daga jihar Niyok zuwa Kibek ta wata 'yar hanya da ake kira Roxham, suna neman mafaka. A farkon 2018 'yan Nijeriya ne suka fi yawa cikinsu, masu bizar ziyarar Amurka, har sai da ministan shige da fice na lokacin, Ahmed Hussen, haifaffen Somaliya, ya zo Nijeriya a kan maganar. An toshe wannan hanya a Maris 2023. Duk wanda ya ce zai bi da ɗanka ta can, ƙarya yake yi.

Da zaɓen 2024 ya ƙarato, ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna cewa da mutanen Kanada za su jefa ƙuri'a, wajen shida cikin goma Kamala Harris za su zaɓa, wajen biyu cikin goma Trump. Masu son Trump sun fi yawa cikin magoya bayan jam'iyyar Conservative, wato ta 'yan mazan jiya. Ranar 5 ga Nuwamba Trump ya ci, da ƙuri'un wakilai 312, Harris 226. Washegari na fita sayen burodi, na ga fuskoki kamar an yi rasuwa.

Ba a cika mako uku ba Trump ya ce zai ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayan Kanada, wai saboda baƙin haure da miyagun ƙwayoyi da ke tsallaka iyaka. Sai ya shiga kiran Kanada jiha ta 51, yana kiran Trudeau gwamna. Jama'a, abin da ya biyo baya darasi ne. A farkon Janairu 2025 jam'iyyar 'yan mazan jiya, ƙarƙashin Pierre Poilievre, tana gaban jam'iyyar Liberal mai mulki da fiye da maki 20 a ƙuri'un jin ra'ayi, kuma da maganar tsadar gida da tsadar rayuwa ya kai nan. Kowa ya ɗauka an gama. Ranar 6 ga Janairu Trudeau ya ce zai sauka. A Maris Mark Carney, tsohon gwamnan babban bankin Kanada da na Ingila, ya gaje shi. Mutane suka fusata da Amurka, suka riƙa ƙaurace wa kayanta, suka rage zuwa yawon buɗe ido can, har ihu suka yi wa taken Amurka a filin wasa. Tambayar zaɓe ta tashi daga "wa zai sauke kuɗin haya" ta koma "wa zai iya da Trump". Ranar 28 ga Afrilu 2025 jam'iyyar Liberal ta ci kujeru 169 cikin 343, 'yan mazan jiya 144, shi kansa Poilievre ya faɗi a mazaɓarsa, sai a Agusta ya dawo majalisa ta zaɓen cike gurbi a jihar Albata. Giwa ta motsa, ta sauya wa maƙwabci sakamakon zaɓe.

Amma kada wani ya ce to shi ke nan, ƙofa ta sake buɗewa. Ina! A wannan zaɓe manyan jam'iyyun biyu duk alkawarin taƙaita baƙi suka yi. Poilievre ya ce a ɗaure yawan baƙi da yawan gidajen da aka gina. Carney ya yi alkawarin kai gini zuwa gida 500,000 a shekara, a Satumba 2025 ya kafa hukumar gina gidaje da dala biliyan 13, a Nuwamba kuma gwamnatinsa ta tsai da masu zaman dindindin a 380,000 kowace shekara daga 2026 zuwa 2028, ta ƙara zaftare bizar ɗalibai, da nufin masu zaman wucin gadi su koma ƙasa da kashi 5 cikin ɗari kafin ƙarshen 2027. A 2025 ƙaruwar jama'a ta kusa tsayawa cik, kuɗin hayar da ake nema a Toranto da Bankuba kuma ya ɗan sauka.

ABIN DA YA SHAFE MU

To jama'a, me za mu ɗauka mu kai gida?

Na farko, ga iyaye. Ba na hana kowa tura ɗansa. Neman ilimi da arziki gadonmu ne, shi ya kawo kakanninmu nan. Kuma wallahi akwai yaranmu da suka yi dace a can, likitoci da injiniyoyi da masu jinya. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na san wani bawan Allah a garin nan da ya sayar da gidan gado ya ba wani dillalin biza, takardar shiga makarantar ta fito ta jabu, yau ba gida ba tafiya. Tun Disamba 2023 hukumar Kanada take tuntuɓar makaranta kai tsaye ta tabbatar da kowace takarda. Kuma tun Nuwamba 2024 awa 24 a mako doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a wajen makaranta lokacin karatu. Wanda ya ce maka yaro zai biya kuɗin makaranta da haya da abinci daga wannan, har ya aiko maka da canji, yaudararka yake yi. Kafin ka sa hannu, ka tambayi abu uku: ina zai kwana, nawa ne, wa zai biya wata shida na farko? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ga samari. Bizar karatu ba takardar zaman dindindin ba ce. Dubban ɗalibai sun gama karatu, izinin aikinsu ya ƙare, makinsu bai kai ba. Ka san abin da za ka karanta, ka san ko ana bukatarsa. In ka je abin bai yiwu ba, ka dawo. Dawowa gida ba abin kunya ba ne. Mu kuma iyaye mu daina yi wa wanda ya dawo kallon wanda ya kasa.

Na uku, wannan namu ne duka, mu da muke zaune a ƙasar da ba ta kakanninmu ba. Kanada ƙasa ce mai arziki da doka, wadda ta yi shekara hamsin tana alfahari da baƙo, amma shekara biyu na matsin haya suka juya ra'ayin mutanenta. To ina ga inda babu wannan arziki? Dattawan da ke nan suna tune da 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, 'yan'uwanmu da yawa suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Mu ma a 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Gana. Kuma ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairu 2021 ba. Mu 'yan ƙasa ne a nan, tsarin mulki ya ba mu 'yancin zama ko'ina a Nijeriya, wannan ba a tababa. Amma duk ranar da abinci ko ɗaki ko rumfar kasuwa ta yi ƙaranci, wanda ake wa kallon baƙo shi ake fara nunawa da yatsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ruwan da za mu shafa kuwa sananne ne. Yaran da ke sauka daga mota kullum daga arewa, masu acaba da masu turin baro da masu ga-ruwa, ƙungiya ta san adadinsu, ta san inda suke kwana, kowa ya zama yana da maigidan da zai tsaya masa, kamar yadda iyayenmu suka yi. Mai hali ya gina ɗakunan haya masu sauƙi maimakon ya tara kuɗi a banki. Mai fili ya nemi takardarsa. Mu biya haraji mu karɓi rasit. Mu yanki katin zaɓe a nan inda muke zaune, domin a Kanada na ga 'ya'yan baƙi sun zama ministoci da magadan gari, kuma da ƙuri'a suka kai can. Sannan mu riƙe zumunci da masu masaukinmu Yarbawa tun ana zaman lafiya, mu je bikinsu, mu je ta'aziyyarsu, kada sai ranar rigima a fara neman lambar wayar juna.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabannin ƙungiya su kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu masu ilimin boko, wanda duk mai niyyar tura ɗansa waje zai kawo wa takardunsa a duba kyauta kafin ya biya ko sisin kwabo. Ni in an ga dama a sa sunana, ranar Asabar bayan la'asar ina gida.

Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, daga gare ni ne, a yafe mini. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu na gida da na waje, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya ja zamanin Sarki, ya ɗaukaka wannan ƙungiya.